Yadda Za Ka Shigar da Lanƙwasasshen Allo Gidan Babanka

Ɗan'uwa, gyara zama. Idan kana cikin samarin da suka ƙyalla ido a waya suka hango ƙaton allon kwamfutar nan mai lanƙwasa, na buga gem, wanda 'yan birni ke kira monita, tun daga ranar kuma abinci ya daina yi maka daɗi, to ka zo wurin da ya dace. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, za ka sayo shi da araha, ka shigar da shi gidanku lafiya, kuma mahaifinka ba zai taɓa sanin cewa da hankalinka, ido biyu, ka miƙa kuɗi aka ba ka abu a lanƙwashe ba. Babu ko shakka a ciki. An gwada, an gani.

A kan Zayyad aka gwada, ɗan Malam Mainasara na Ƙofa. Na zaɓe shi ne don ba za ka sami gidan da ya fi nasu wuya ba. Malam Mainasara mutum ne da bai yarda da karkataccen abu ba a duniya. Da igiya yake fitar da kunyoyin gonarsa, in shanun huɗa suka ɗan kauce kuwa sai an sake. Yana da gwangwani cike da tsofaffin ƙusoshi da ya miƙar da hannunsa a kan dutse. In ya shiga gidan mutane gaisuwa, ba a gama "ina gajiya" ba ya tashi ya gyara musu zaman kalanda a bango. Kuma duk abin da aka miƙa masa, ko sanda ce ko rake, sai ya rufe ido ɗaya ya bi tsawonsa da ɗayan kafin ya ce komai.

Shi ne bara ya yanka wa Zayyad gayauna, wato 'yar gonar kansa daban da gandun gida, ya ce masa, "Abin da ka samu naka ne, ba zan tambaye ka ba. Zan dai duba abin da za ka fara saya da shi. A nan zan san ko na haifi mai hankali."

Waken suya da ya shuka ya yi kyau. Zayyad ya sayar. Yanzu ka fahimci abin da ke gabanmu: saurayin yana so ya ji mahaifinsa ya kira shi mai hankali, kuma yana son allonsa. Aikina shi ne in nuna maka yadda ake haɗa biyun.

Mataki na ɗaya: Ka nemi girma, ka manta da sauran

Ka shiga mota ka tafi birni. A shago za a nuna maka iri biyu. Akwai ƙarami miƙaƙƙe mai kyan hoto, irin wanda mai hankali zai ɗauka. Kada ka ko kalle shi. Akwai kuma ƙato mai lanƙwasa, tsawonsa ya kusa ƙyauren ɗaki, sunan kamfaninsa kuwa ko mai shagon bai iya faɗa ba. Farashinsu kusan ɗaya ne. Wannan shi ne naka.

Masana sun daɗe da tabbatar da cewa ba wanda ya taɓa shiga ɗakin saurayi ya ce, "Kai, allon nan naka da kyan launi yake." Cewa ake yi, "Kai! Wannan ai ya fi na gidan kallo."

Zayyad ya tsaya tambayoyi, wanda kuskure ne, amma ya ci sa'a mai shagon gwani ne.

"Yana da sifika?"

"Yallaɓai, manya ba sa zuwa da sifika. Ƙanana ne masu surutu."

"Rimot fa?"

"Akwai ɗan maɓalli a bayansa. Ka lallaba da yatsa, za ka ji shi."

"Na ga rubutun kamar yana da gashi-gashi."

"Kusa ka tsaya. Ja da baya."

Ya ja da baya. "Yanzu kuma ba na jin lanƙwasar."

"To matso."

Dalilin gashin ba ɓoyayye ba ne: hoton da ya dace da ƙaramin allo ne aka ja aka baza a kan ƙato, kamar miyar gida da aka ƙara wa ruwa don baƙi sun zo. Amma ba wannan ya kai ka birni ba. Zayyad ya yi ta gaba da baya a shagon mutane har ya sami wani ɗan wuri, bai fi tafin ƙafa ba, inda rubutu bai yi gashi sosai ba, lanƙwasar kuma ta rungume shi dama da hagu. A nan ya tsaya, filin ƙwallon da ke kan allon ya kewaye shi, ya ji shi ne mai tsaron gida. Ya ce a mayar masa da shi kwali, ya saya. Kai ma in ka sami wannan wuri ka haddace shi, don a nan za ka ƙare rayuwarka.

Mataki na biyu: Ka zaɓi ɗan achaɓa mai amana

Mota za ta ajiye ka a bakin titi, kai da kwalin da direba ya sa ka biya masa kujerarsa daban. Daga nan sai achaɓa. Ka nemi mutumin kirki, don za ka buƙace shi nan gaba ta hanyar da bai zata ba.

Zayyad ya sami Gwadabe. Duk Ƙofa an san Gwadabe. Shi matan gari ke ba kiret ɗin ƙwai ya kai musu kasuwa, shi ke ɗauko tangaran na amare, shekara da shekaru ko ɗaya bai taɓa fashewa a hannunsa ba, kuma ba ya gajiya da faɗin haka. Ya zagaye kwalin ya ce, "Wannan ƙyaure ne ko gado?"

"Allo ne. Gilashi ne a ciki."

"To kwantar da hankalinka. Ni ƙwai ma ba ya sanin ya hau babur."

Zayyad ya hau baya ya rungume kwalin a gicciye, rabi ya leƙo ta dama, rabi ta hagu. Gwadabe ya ja babur kamar mai kai mara lafiya asibiti. Yana kauce wa kowane rami, inda ruwa ya ci hanya ya sauka ya tura. Wata tsohuwa mai jan akuya ta cim musu, ta gaishe su, ta wuce. Suka iso ƙofar gida lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Ka riƙe wannan a ranka, amma kada ka faɗa wa kowa.

Mataki na uku: Ka tanadi amsa tun a hanya

Wannan matakin ya fi kowanne, shi ne kuma Zayyad ya manta. Niyyarsa ya sulale da kwalin ta bayan rumbu, sai ga Malam zaune a zaure yana gyaran ƙotar fartanya.

"Sannu da gida, Baba."

"Yauwa, sannu da hanya. Kayan ke nan?"

"Shi ne, Baba."

"To buɗe mu sa albarka."

Ba a ce wa uba a'a a irin wannan wuri. Ya buɗe, ya zare farin soson, ya fito da allon. Malam ya goge hannu a riga, ya kama gefe guda, ya rufe ido ɗaya. Ya daɗe a haka. Ya buɗe, ya rufe ɗayan, ko laifin idon ne.

"Zayyad."

"Na'am, Baba."

"Me ya same shi?"

A nan hanya biyu ce. Ta farko, ka ce haka aka ƙera shi, ka kuma tsaya ka yi wa mutumin da ke miƙar da tsohuwar ƙusa bayanin cewa akwai wasu mutane can ƙetaren teku da ke lanƙwasa gilashi da gangan, kai kuma ka kwashi waken shekara ka kai musu. Ta biyu ta fi gajarta. Zayyad ya dubi ƙasa, ya ji bakinsa ya ce, "Hanya ce, Baba."

"Hanya?"

"A kan achaɓa. Ramuka."

"Innalillahi." Malam ya shafa bayan allon a hankali, yadda yake shafa saniya in ta ji ciwo. Babu faɗa a fuskarsa ko kaɗan, tausayi ne zalla. "Kayanka na farko. Kada ka sa a ranka. Ka yi tunani mai kyau, ka sayi abu babba mai auki, hanya ta cuce ka. Wannan ba rashin hankali ba ne, ƙaddara ce."

Ka ji ko? Ba rashin hankali ba ne. Saura ƙiris a faɗi kalmar da ake jira. Zayyad ya kinkimi allonsa ya shige ɗaki yana jin kamar ya taka rawa, ko da yake wani abu ya ɗan tsaya masa a maƙogwaro. Kai in ka ji irinsa kada ka kula, ruwa ake sha ya wuce.

Mataki na huɗu: Ka bar kowane aibu ya zama shaida

Yanzu za ka fara sanin halin abin da ka saya. Ba zai jingina da bango ba, don ƙafarsa ta yi baya da yawa, sai ka jawo tebur tsakiyar ɗaki ka koma kwana a ƙudundune. Ƙafar kuma siririya ce, ko kaza ce ta yi tsalle a tsakar gida sai ya yi ta gyaɗa kai. Ba ya hawa ba ya sauka, don haka ka tara masa littattafanka na sakandare a ƙarƙashi, su ma su yi amfani ko sau ɗaya ne. In an ɗauke wuta ka jona shi a batirin sola na gida, kafin a tafi hutun rabin lokaci fankar Inna ta tsaya. Da rana in ka buɗe taga, lanƙwasar za ta tattaro hasken garin duka ta miƙa maka a ido. In ka rufe, zufa.

Kada ka karaya. Ka gayyato abokai.

Zayyad ya kira Fahad, abokin karawarsa a gem, wanda ya taso takanas daga Dangora. A nan aka gano babban sirrin allo mai lanƙwasa: na mutum ɗaya ne. Wanda ya zauna a tsakiya yana Turai. Wanda ya zauna a gefe kuwa, ciyawar fili ta koɗe, 'yan wasa duk sun rame. Ga shi gem ɗin ƙwallo mutum biyu ke bugawa, dole Zayyad da Fahad suka cusa kawunansu wuri ɗaya, kunne na gogar kunne, kowa na ture ɗan'uwansa da kafaɗa. In ɗan wasa ya ruga da gudu kuma, sai wata inuwa ta bi shi a baya, ta ɗan makara.

"Wannan na biyun wane ne?" in ji Fahad. "Aljaninsa ne? Da shi ma za mu kara?"

"Sabo ne. Bai gama warwarewa ba."

"To ya aka yi ba ya magana?"

"Manya ba sa zuwa da sifika."

Ana cikin haka Malam ya zo wucewa, ya tsaya a bakin ƙofa, wato can gefe inda komai ya koɗe. Samari suka zube suna gaisuwa. Ya amsa, amma idonsa na kan allon. Ga shi bebe, ga launi ya gudu, ga mutane da inuwa na bin su, ga shi yana rawar kai kamar mai jin sanyi.

"Dubi yadda lanƙwasar nan ta taɓa shi har ciki," ya ce. "Allah ya kyauta."

Fahad ya buɗe baki zai ce ai haka ake yin su, Zayyad ya take masa ƙafa, ya ce amin.

Ka ga amfanin ƙarya mai kyau? Ba sai ka yi mata hidima ba, da kanta take kiwo. Duk aibun da araha ta jawo, yanzu ya zama na hanya.

Mataki na biyar: In ta faɗa kan wani, ka kau da kai

Hanya ba ta da kunnen da za a ja, amma ɗan achaɓa yana da shi. Washegari Malam ya aika aka kira Gwadabe, ya zo ya durƙusa a zaure.

"Baba Malam, ga ni."

"Gwadabe, ban kira ka don in ce ka biya ba. Mahaifinka abokina ne. Nasiha zan yi maka: ka rage gudu."

"Gudu? Baba Malam, wallahi akuya ta wuce mu! Akwai shaidu!"

"To me ya lanƙwasa gilashin?"

"Ni a kwali na gan shi, a kwali na sauke shi. Zayyad, kai ka yi magana mana!"

A irin wannan lokaci ka sami wani abu a ƙasa ka zuba masa ido. Zayyad ya zaɓi wata tururuwa, ya raka ta da kallo har ta shige rami. Can ya ce, "Baba, ba laifinsa ba ne sosai. An yi rana ranar. Wataƙila ita ta sa ya yi laushi."

Malam ya gyaɗa kai. "Zafi da jijjiga. Haka ƙyauren ɗakin Innarku ya yi bara." Ya shafa gemu. "Ashe ma abin da aka sani ne."

Duk wanda ya tashi a gidan ya san abin da aka yi wa ƙyauren ɗakin Inna har ya dawo daidai. Zayyad ma ya sani, hankalinsa ne ke kan tururuwa.

Kafin la'asar labari ya kai bakin famfo cewa Gwadabe ya lanƙwasa gilashi. Matan gari suka ce wanda ya lanƙwasa gilashi, me zai yi wa ƙwai? Suka koma ba wani. Gwadabe ya daina tsayawa gaisawa da Zayyad, hannu kawai yake ɗagawa yana kallon wani wuri. Abin ya dami Zayyad ƙwarai, har Fahad ya yi ta cin sa wasa ba ya ko gardama. Kai dai ka daure. Ƙwan ba naka ba ne.

Mataki na shida: Ka yi tafiyarka hankali kwance

Kada ka tsare allo kamar mai gadi, za a zarge ka. Da aka ce wani abokin Zayyad zai angwance a Tudun Wada, sai ya lulluɓe allon da zanin gado, ya ja ƙofa, ya tafi biki. Daga can ma abokan ango suka ce a zarce Doguwa a sha iska, ya bi su.

Abin da ya faru a bayansa, daga bakin mahaifiyarsa Inna Barakatu aka ji shi. Ko tasha bai kai ba Malam ya aika wa Dikko, amininsa Bafulatani da ke zaune a bayan gari, wanda ya yi suna wajen miƙar da sanda. Dattawan biyu suka fito da allon tsakar gida suka zagaye shi.

"A shafa masa man shanu a gasa shi sama-sama," in ji Dikko. "Na miƙar da sandar da ta fi wannan taurin kai."

"A'a, Dikko. Bayansa roba ce, narkewa za ta yi. Wannan sai dai a danne shi."

Inna ta leƙo daga madafa. "Malam, da ka bari mai abu ya dawo."

"In ya dawo ba zai yarda ba, kara zai yi mini. So nake ya tarar an gama. Yaron nan tun da ya kawo abin nan ba ya iya haɗa ido da ni, baƙin ciki ne ke cin sa. Ba zan zuba ido ana yi masa dariya a kan kayansa na farko ba."

Ka lura da tsarin aikin, don ba na ganganci ba ne. Ya share daɓen ɗakin hatsi, ya shimfiɗa tabarma, ya ɗora bargonsa na kansa don kada fuskar gilashin ta ƙwarzane. Ya kwance ƙafar allon, ya adana ƙusoshinta a gwangwani. Ya kifa shi, ya ɗora masa katako a gadon baya, sannan buhun masara guda, da bismilla. Ba a gaggawa a wannan aiki. Kowace safiya in ya dawo daga masallaci sai ya durƙusa, ya rufe ido ɗaya, ya leƙa ƙarƙashi, in da saura ya ƙara buhu. Ruwan da ya yayyafa wa ƙyauren Inna ne kawai bai yayyafa ba, don ya san kayan wuta ba sa son ruwa. Shi ba jahili ba ne.

Wata safiya Inna na tankaɗe ta ji ƙas! daga ɗakin hatsi. Ta dafe ƙirji.

"Malam, me ya yi ƙara?"

"Komawa mazauninsa yake yi. Ba ki taɓa zuwa wurin mai ɗori ba?"

Mataki na bakwai: Ka yi godiya, ka rufe bakinka

Wannan shi ne na ƙarshe, kuma ya fi duka sauƙi. Duk abin da ka tarar in ka dawo, ka ce "Na gode, Baba," ka ja bakinka ka yi shiru. Shi ke nan ka ci jarrabawa.

Zayyad ya dawo da hantsi, riƙe da ledar dankali tsarabar Doguwa. Ya tarar an shimfiɗa tabarma a zaure. Ga Dikko. Ga Gwadabe, wanda Malam ya kira don ya ga an gyara ɓarnarsa zuciyarsa ta huta. Malam kuwa har da hularsa ta Juma'a. A gabansu ga wani abu lulluɓe da bargo, ya kwanta luf a jikin bango, ba rata ko ta yatsa.

Zayyad ya ja ya tsaya a bakin zaure tun kafin a yaye.

Malam ya yaye bargon da kansa. "Rufe ido ɗaya ka duba."

Ya duba. Ya miƙe. Wallahi ya miƙe sambal, ko a gonar Malam ba za ka ga layin da ya fi shi ba. A faɗi gaskiya, aikin gwani ne.

"Jona shi mu gani. Ina jin har maganar za ta dawo."

Aka jawo waya, aka haɗa na'urar gem. Zayyad ya lallaba bayan allon ya sami maɓallin. Kusurwa ɗaya ta yi haske, wuri kamar tafin hannu. Sauran duka baƙi ƙirin kamar an kifar da tawada, da wata tsaga da ba a gan ta ba sai da wuta ta shiga, ta taso daga sama har ƙasa, zare-zaren ja da kore na bin gefenta. A cikin ɗan hasken nan ana ganin ƙafar ɗan wasa guda tana jiran a busa.

 Dikko ma ya nemi tasa tururuwar.

Malam ya matsa, ya sa yatsa a kan tsagar ya bi ta har ƙasa. Yatsan na rawa. Zayyad bai taɓa ganin hannun nan yana rawa ba, hannun da ke riƙe garma a bayan shanu yini guda.

"Ni na yi wannan," in ji Malam a hankali. "Da ko ba komai yana nuna mutane. Gwadabe ya lanƙwasa, ni na kashe." Ya cire hular ya riƙe a hannu. "Ka yafe mini, Zayyad. Guminka ne na shekara."

To ga wurin, ɗan'uwa. Uba ya ɗauki laifi, ɗan achaɓa ya ɗauki saura, kai ka fita fes, har da ƙarin tausayi. Sirrinka ya binnu har abada, tunda allon da zai tona shi ya miƙe. Ba ɗalibin da ya taɓa samun dama irin wannan. "Na gode, Baba" kawai za ka ce.

Sai sakaran ya ɓata mini aiki.

Ya ajiye ledar dankali, ya durƙusa. "Baba, Gwadabe bai yi komai ba. Hanya ma ba ta yi komai ba. Haka ake ƙera shi. A lanƙwashe na gan shi, a lanƙwashe na so shi, na saya."

"Allahu akbar!" Gwadabe ya miƙe zumbur. "Baba Dikko, ka ji da kunnenka! A je a maimaita a bakin famfo!"

Malam bai ko juya ba. "Da gangan suke yin sa haka?"

"Da gangan, Baba."

"Akwai miƙaƙƙe a shagon?"

"Akwai."

"Ka gan shi?"

"Na gan shi."

Malam ya daɗe yana duban allon. Sannan ya dubi ɗansa, wannan karon da ido biyu a buɗe.

"Da ka faɗa mini ranar nan, da na yi maka faɗa daga azahar zuwa la'asar, in ce ba ka da hankali, yau kuma da kana ɗaki kana kallon karkataccen abinka." Ya mayar da hular kansa. "Tashi ka bi Gwadabe gida-gida ka wanke shi. In ka dawo ka zo ka taya ni mayar da buhunan nan mazauninsu. Bayana ya gaji da hidimar gilashinka."

Zayyad ya tashi, ido cike da ƙwalla, rabi na allo, rabi na abin da ya fi allo. Har ya kai bakin zaure sai ya ji Malam na magana da Dikko ƙasa-ƙasa, irin ƙasa-ƙasan da dattawa ke yi in suna so a ji.

"Sayayya kam bai iya ba. Amma da ya ga dama da ya yi shiru ya bar ni da abin a wuyana, bai yi ba. Akwai hankali a yaron nan, Dikko. A ɗan lanƙwashe yake, amma akwai shi."

"To shi dai kada ka ɗora masa buhu," in ji Dikko.

Sanarwa

Mai wannan darasi ba shi da hannu a fashewar allo, ko tsayuwar fankar Inna, ko ƙwan da ya rasa mai kai shi kasuwa. Alkawarin da na yi shi ne sirrinka zai rufu. Ban taɓa cewa allon zai rayu ba, koma sama ka duba. Wanda kuma ya bi matakai har ya zo na ƙarshe, ya karye don ya ga hannun mahaifinsa na rawa, shi ya sani, kada ya zo mini da kuka. Ni ma da aka ba ni labarin wurin nan, hayaƙin madafa ne ya shiga mini ido, ba wani abu ba.

Masu ƙorafi su nufi Ƙofa su tambayi gidan Malam Mainasara. Za su tarar da allon a kan rufin akurki, Inna na shanya kuɓewa a kansa, ta ce ba ta taɓa samun abin shanya mai kama rana irinsa ba. Malam kuma in ya zo wucewa yakan tsaya, ya rufe ido ɗaya, ya gyaɗa kai, ya wuce.